Darasi: Gano Ciwon Kwamfutar Kallo Mai Windows da Linux Kafin a Wanke Ta

Tsohuwar kwamfutar ofis, irin HP ko Dell ko Lenovo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin a hauro da ita arewa zuwa Parakou da Djougou, tana iya zama injin kallo na gida idan aka haɗa ta da talabijin da wayar HDMI. Mai ita yakan so ta yi masa aiki biyu: da rana a buga takarda, a yi lissafin shago, yara su yi aikin makaranta, da dare iyali su zauna su kalli labarai, ƙwallo ko fim ɗin Kano. Shi ya sa ake zuba mata babbar manhaja biyu a faifai ɗaya, Windows don aikin rana, Linux don kallo, tare da manhajar Kodi, wadda ake kira XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Zaɓin yana da dalili. Kamfanin Microsoft ya cire manhajarsa ta kallon talabijin, Windows Media Center, tun fitowar Windows 10 a 2015, sannan wa'adin kulawarsa da Windows 10 ɗin kanta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali tsofaffin injina da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux kuwa kyauta ce, ba ta kuma raina tsohon inji. Sai dai ranar da injin ya ƙi tashi, ko agogo ya karkace, ko tashoshi suka ɓace, maganin da ake fara kawowa shi ne a yi fomatin, a wanke komai a sake zubi. Wannan magani kuskure ne a mafi yawan lokuta. Kwamfuta mai manhaja biyu ta fi mai manhaja ɗaya sauƙin bincike, domin kowace ɗaya shaida ce a kan 'yar'uwarta, kuma wanda ya wanke faifai ya kori shaidun kafin a saurare su.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne Windows da Linux ba sa aiki a lokaci guda. Idan ɗaya tana kan aiki, ɗayar tana kwance a faifai, ba ta iya taɓa komai. Karɓa-karɓa suke yi, kamar 'yan kasuwa biyu da suka kama rumfa ɗaya a kasuwar Arzeke ta Parakou, wannan ya zauna yau, wancan gobe: ba sa haɗuwa, amma in na jiya ya tafi da makulli ko ya murɗa ma'auni, na yau ne zai sha wahala. Abubuwan da manhajojin biyu ke tarayya a kansu kaɗan ne: ƙofar tashi, agogon inji, ɓangaren faifan da ake ajiye finafinai, da na'urorin da ke maƙale, kamar mai kama tasha da katin sauti. Daga nan ake samun gwajin da ba ya bukatar a kwance ko noti ɗaya. A kunna injin a manhaja ɗaya a duba ciwon, a koma ɗayar a sake dubawa. In ciwon yana nan a duka biyun, to a jikin inji yake, ko a waya, ko a eriya, ko a wuta, kuma ko sau goma aka sake zubi ba zai motsa ba. In a ɗaya yake kullum, to nata ne ita kaɗai. In kuwa yana zuwa yana tafiya, sai an fito daga ɗayar yake bayyana, to a kayan tarayya yake, kuma abin tambaya shi ne wace ce ta taɓa kayan a ƙarshe, a wane hali ta bar su. Wannan kashi na uku shi ya fi ruɗa masu gyara, shi kuma aka fi ɗora wa bairos laifinsa ba da hakkinsa ba.

A fara da ƙofar tashi. Kafin kowace babbar manhaja ta farka, wata ƙaramar manhaja da ke cikin allon injin ce ke fara aiki, BIOS a tsofaffin injina, UEFI a yawancin na bayan 2012. Ita ke riƙe da jerin wanda za a fara kira. A tsarin manhaja biyu, GRUB ne ya kamata ya zo farko, wato allon zaɓin nan da ke tambaya ko Linux ake so ko Windows. Idan wata safiya injin ya zarce cikin Windows ba tambaya, sai a ce Linux ta goge, alhali tana nan daram. Ko dai sabuntawar Windows ce ta mayar da kanta sahun gaba, ko ɗan zagayayyen batirin allon inji mai lamba CR2032 ya mutu, injin yana manta saitinsa duk lokacin da wuta ta ɗauke. Injin da ya daɗe yana aiki a wani ofis a Turai kafin ya iso Parakou ko Djougou, ba abin mamaki ba ne batirinsa ya gaji. Gwajin bai kai minti ɗaya ba: da an kunna, a danna F9 a HP, ko F12 a Dell da Lenovo, jerin zai fito. In sunan Linux ɗin, Ubuntu ko Debian, yana ciki, kuma ya tashi da aka zaɓe shi, bincike ya ƙare, saura a shiga saiti a mayar da shi gaba. In an tarar kwanan wata ma ya koma shekarun baya, a canza batirin. Mutuwar batirin nan tana da wani sharri: a injinan Dell da yawa takan mayar da saitin faifai daga AHCI zuwa RAID, sai Linux ta daina ganin faifan ko Windows ta tsaya da shuɗin allo, mutum ya ɗauka faifansa ya ƙone.

Akwai kuma akasin haka, wato GRUB ya fito amma babu Windows a jerinsa. Tun fitowar GRUB 2.06 a 2021, masu shi suka kashe ɓangaren da ke neman sauran manhajoji sai mutum ya kunna da kansa; gyaran shi ne a ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a fayil ɗin /etc/default/grub, sannan a ba da umarnin sudo update-grub. In hakan bai yi ba, a duba ko an zuba Windows a tsarin UEFI aka kuma zuba Linux a tsohon tsarin BIOS, domin GRUB ɗin ɗaya ba ya iya tada ɗayar. Wani lokaci kuma laifin daga nesa yake zuwa: a watan Agusta 2024 wata sabuntawar tsaro ta Microsoft ta hana Linux tashi a injina masu manhaja biyu a ƙasashe da dama, saƙon kuskuren yana ambaton SBAT, kuma waɗanda suka kashe Secure Boot a saitin UEFI na ɗan lokaci suka sabunta Linux ɗinsu sun fita ba su rasa fayil ko ɗaya ba. A wannan mataki akwai tarkon da ya shafi ƙasashen da ke aiki da Faransanci musamman. Madannan da suka zo daga Faransa tsarin AZERTY gare su, amma baƙin allon gyara na GRUB yana karanta su a tsarin QWERTY na Amurka. Ka danna a ta fito q, ka danna z ta fito w, m ma ta bar wurinta. Umarni sahihi sai ya ƙi shiga, mai gyara ya yanke hukuncin injin ya lalace, alhali da ya dubi abin da ke fitowa a allo da ya gane.

Batun agogo ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne misali mafi bayyana na ciwon tarayya, kuma shi ya fi cutar da mai naɗar shiri. A allon inji agogo ɗaya ne. Windows tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, Linux kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin duniya na GMT, sannan ta ƙara bambancin ƙasa. Benin, kamar Najeriya da Nijar, tana gaba da GMT da awa ɗaya duk shekara. Saboda haka in Windows ta daidaita agogon aka koma Linux, sai Linux ta ƙara awa ɗaya a kan lokacin da yake daidai tun farko. In Linux ce ta daidaita aka koma Windows, sai a ga an koma baya da awa ɗaya. Inda intanet ke kunne dare da rana, injin yakan gyara kansa kafin a lura. A gidan da sai an sayi data ta MTN ko Moov an raba daga wayar hannu, kuskuren yakan zauna. Mutum ya saita naɗar labaran ƙarfe takwas na dare, injin ya fara naɗa ƙarfe bakwai, ya gama kafin mai karanta labarai ya zauna. Abin lura a nan shi ne Togo a kan GMT take. Mai gyaran da ya koyi sana'a a Kara, wadda ke tsallaken iyaka yamma da Djougou, zai iya shekaru yana zuba manhaja biyu bai ga wannan ciwo ba, domin a can lokacin gari da lokacin duniya ɗaya ne. Gyaran shi ne a sa su yarda da ma'auni ɗaya: ko a ba Linux umarnin timedatectl set-local-rtc 1, ko a ƙara RealTimeIsUniversal a rajistar Windows. Linux za ta yi gargaɗi kan hanya ta farko, amma babban dalilin gargaɗin shi ne ƙasashen da ke sauya agogo sau biyu a shekara, Benin kuwa ba ta yi. Sai dai a bambance wannan da wani ciwo mai kama da shi. Windows ta Faransanci takan zo a kan lokacin Paris, wanda ya yi daidai da na Parakou daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sannan ya wuce shi da awa ɗaya sauran watannin. Wannan ba ya zuwa yana tafiya da sauyin manhaja, a Windows kaɗai yake zaune, maganinsa kuma a zaɓi lokacin Afirka ta Yamma ta tsakiya a Windows, Porto-Novo ko Legas a Linux.

Faifan tarayya shi ne na uku. An saba ware babban ɓangare a tsarin NTFS don finafinai da shirye-shiryen da aka naɗa, domin manhajojin biyu duk suna karanta shi. Wata rana sai Kodi ta nuna finafinan amma ta kasa naɗar sabo, ko ɓangaren ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Tun Windows 8 ta 2012, idan aka danna kashewa, Windows ba ta mutuwa sarai. Takan ajiye halin da take ciki a faifai don ta tashi da sauri, ta bar alamar cewa ba ta gama da faifan ba. Linux in ta ga alamar sai ta ƙi rubutu a kai, kuma gaskiyarta, domin da ta rubuta da fayiloli sun cakuɗe. Ƙin nata kariya ce ga kayan mai gida, bai kamata a tilasta mata ba. Gwajin shi ne a fita daga Windows ta hanyar sake kunnawa, Redémarrer a allon Faransanci, maimakon Arrêter, domin sake kunnawa tana rufe komai sarai. In naɗa ta dawo, an kama ɓarawon. Sai a shiga Options d'alimentation a cire alamar da ke kan Activer le démarrage rapide.

A nan wani zai ce duk wannan dogon zance ne, ciwon kwamfuta a arewacin Benin ɗaukewar wuta ce kawai. Yana da rabin gaskiya. Wuta in ta ɗauke ana tsakar naɗa, ɓangaren NTFS yakan kwana da alamar datti, Linux kuma ta guje shi kamar yadda aka bayyana. Amma wannan ma ciwo ne mai suna da magani, kuma manhaja ta biyu ce ke kawo maganin: a shiga Windows a ba da umarnin chkdsk tare da harafin ɓangaren da /f, domin NTFS nata ne, ita ta fi sanin gyaransa, ntfsfix na Linux ƙananan gyare-gyare kawai yake yi. Ɗaukewar wuta hujja ce ta sayen batirin ko-ta-kwana, wanda masu shago ke kira onduleur, ba ta wanke faifai ba ce, domin sabon zubi ma zai gamu da wutar gobe. Kada kuma a ɗora wa wuta laifin naɗin da ke yankewa kullum a wuri guda. In faifan waje ne a tsarin FAT32, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4 a kansa, kuma doguwar naɗar wasan ƙwallo tana iya kai wa nan.

Sai na'urar kama tasha. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin tsohuwar hanyar watsa talabijin, ƙasashen yankinmu suka makara, Benin ta ƙaddamar da tata talabijin ta dijital, TNT, a 2023 a kan tsarin DVB-T2. 'Yan sandunan USB masu araha da ke da guntun RTL2832U shi kaɗai tsohon tsarin DVB-T suke ji, don haka ba za su ga tasha ba a Windows, ba za su gani a Linux ba. Ciwon kashi na farko ke nan, kuma sayen wata na'urar ce kawai mafita. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na'urar da ke aiki a Linux in an shigo daga Windows ta sake kunnawa, amma ta mutu in an kunna injin daga sanyi. Mutane sukan ce tana da aljanu. Bayanin shi ne na'urori da yawa, irin masu guntun Si2168, ba sa riƙe ƙaramar manhajarsu ta ciki. Sai babbar manhaja ta ɗura musu ita a kowane tashi. Windows tana da fayil ɗin a cikin direbanta, ta ɗura, sake kunnawa kuma ba ta yanke wa na'urar wuta, sai Linux ta tarar da ita a shirye. Daga sanyi kuwa Linux ce za ta ɗura, in ba ta da fayil ɗin sai shiru. Umarnin dmesg zai nuna sunan fayil ɗin da ta nema ta rasa, a samo shi a ajiye a /lib/firmware. Ba don akwai Windows a gefe ba, da mai gyara ya sha wahalar tabbatar da cewa na'urar da eriyar lafiyarsu lau.

Hoto mai tsinkewa da sauti da ya ɓace ba sa bukatar dogon bayani. Sauti galibi zaɓen mafita ne, a nuna wa manhajar HDMI maimakon lasifikar inji, kuma a kunna talabijin kafin kwamfuta don ta gane shi. Hoton da ke ɗan tsalle a Linux kaɗai yakan zama injin yana fitar da 60 a daƙiƙa alhali tashoshinmu a kan 50 suke, kuma Kodi tana da saitin daidaita wannan. Hoton tsarin H.265 da ke sarƙewa a duka biyun yana nuna ko dai injin ya girmi ƙarni na shida na Intel na 2015, wanda daga shi ne aka samu cikakken sashen warware irin wannan hoto, ko kuma ƙurar hunturu ta toshe fankarsa, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa shi.

Mai gyara zai iya cewa fomatin ya fi sauri, kuma abokin ciniki sakamako yake so. A dubi ciwukan da aka lissafa: mataccen batiri, agogo, saurin tashi na Windows, rashin fayil ɗin na'ura, ƙura. Babu ɗaya da fomatin ke warkarwa. Sabuwar Windows za ta zo da saurin tashinta a kunne, sabuwar Linux za ta sake ɗaukar agogo a GMT, batirin kuma yana nan a mace. Abin da fomatin ke tabbatarwa shi ne asarar hotunan biki da lissafin shago, da kuɗin datar sake sauke komai, sannan injin ya dawo shago da ciwonsa bayan mako biyu. Amana ita ce jarin mai gyara a gari kamar Djougou inda labari ba ya kwana, kuma mai gyaran da ya mayar wa mutum injinsa da kayansa cikakku ya fi wanda ya mayar masa da shi fanko. Akwai ranar da sake zubi ya wajaba, misali in wani ya share ɓangaren Linux daga cikin Windows don ya ga ba ta san shi ba, amma ko a ranar sai an tada injin da filashi an kwashe abin da ya saura.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne na mai cewa me ya kai mutum wannan wahala, ga dikoda a kasuwa. A wurare da yawa shi ke da gaskiya, kuma ya kamata a faɗa. Wanda kallon tashoshin TNT kaɗai yake so, dikoda ta ishe shi, ba ta cin wuta sosai, tsoho da yaro duk suna iya ta da rimot. Tashoshin kuɗi irin na Canal+ a kulle suke, sai da dikodar kamfanin ko manhajarsa, kuma rashin buɗewarsu a Kodi ba ciwo ba ne da za a nemi magani. Tsarin manhaja biyu na wanda yake da inji ɗaya ne da bukata biyu, yana son naɗa, ajiya mai yawa da aikin ofis. Ko shi ma, in injin yana da gurbin faifai na biyu, gara kowace manhaja ta samu nata, domin kayan tarayya sun ragu. A kiyaye da LibreELEC, ƙaramar Linux da aka gina don Kodi kawai tun 2016: mai zubinta yana share faifan da aka nuna masa baki ɗaya, don haka a faifai daban ko filashi ake sa ta, ba a gefen Windows ba.

Saura mai cewa waɗannan umarnai na masu digiri ne daga Jami'ar Parakou, ba na wanda ya koyi karatu da girma ba. Umarnan da aka ambata ba su kai goma ba, kuma kwafarsu ake yi harafi da harafi. Aikin gaske lura ce da rubutu, abin da kowane ɗan kasuwa mai littafin bashi ya riga ya iya. A ajiye ƙaramin littafi kusa da injin, a rubuta ranar da ciwo ya fara, manhajar da aka yi aiki da ita kafin nan, ko an kashe ne ko an sake kunnawa ko wuta ce ta ɗauke, da saƙon da ya fito a allo yadda yake, ko a ɗauki hotonsa da waya. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Kafin a shiga saitin UEFI kuma a duba ko faifan Windows yana kulle da BitLocker, domin taɓa Secure Boot yana iya sa ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. A nemo lambar a rubuta ta a shafin farko na littafin. In ba a same ta ba, a fara kwashe fayiloli zuwa wani faifai tun Windows tana buɗewa, sannan a taɓa saitin.